Buhu Arba'in da Waƙa Biyar

In ka zaga Malbaza da ƙafa, za ka ga wani irin dutse mai siffar buhu a ƙofar gidaje da yawa, wani har da alamar ɗinkin bakinsa. Tsofaffi na zama a kai suna jan carbi, mata na ɗora tiren gyaɗa. Baƙo zai ce kujera ce. Mu 'yan gari mun san buhun siminti ne da ruwa ya taɓa ya daskare, kuma kowane ɗaya da sunan wanda ya yi sakaci a bayansa. Ni Illo, shekara ashirin da shida ina jan babbar mota ɗauke da siminti zuwa Tawa da Maraɗi da Yamai, ban taɓa wuce irin dutsen nan ban yi tsaki ba. A haifi mutum a garin siminti, ya bar ruwa ya ci masa buhu? Na sha faɗa a majalisa cewa wanda ya yi haka bai kamata a ba shi mata ba. Da ƙarfi nake faɗa, yadda kowa zai ji.

Abin da ba na faɗa da ƙarfi shi ne, duk simintin da na ɗauka, wanda ya isa ya gina gari guda, ko buhu ɗaya bai taɓa kwana gidana da sunan nawa ba. Ɗakunanmu uku duk na laka ne. Na matata Salamatu ya fi tsufa, kuma duk damina sai ya yi yoyo ta kusurwar gabas, daidai kan gado. Ta san inda za ta ajiye kowace roba da kowane kwano ko idonta a rufe. Tun tana goyon autarmu Raihanatu na ce zan gina mata ɗakin bulo. Raihanatu yanzu tana ajin ƙarshe a sakandare. Salamatu ba ta taɓa tuna mini ba, kuma wallahi da gori take yi mini da ya fi mini sauƙi.

To bana, ana saura 'yan kwanaki babbar Sallah, na je rugar Jaje, Bafulatanin da ke yi mini kiwon bijimi shekara uku, na ce a kai shi kasuwa. Jaje ya daɗe yana shafa tozon bijimin, kamar ɗansa za a kai soja. Bayan Sallah na sayo buhu arba'in cif. Babu ɗakin da zai ɗauke su, sai na shimfiɗa katako a tsakar gida, jikin bango, na jera su da hannuna, na lulluɓe da tampol ɗina. Magini ya ce ranar Asabar zai zo a fara buga bulo. Salamatu ta fito ta tsaya tana kallon tulin, ta ɗan ɗaga gefen tampol ta leƙa, ta mayar, ta koma madafa. Ran nan miyar ta fi ta kullum nama.

Tampol ɗin nan nawa ne na kaina, ba na mai mota ba. Kore ne, mai kauri, mutum biyu ke ɗaukarsa in an naɗe. Akwai dokar da mu direbobin siminti muka sani, ba a rubuce take ba: daga lokacin da zafi ya kai ƙarshe aka fara kallon gabas, ba a ba da aron tampol, ko ga wanda kuka sha nono ɗaya. Ni ne ma mai koya wa sababbin direbobi wannan.

Gudu kuwa ba ra'ayina ba ne. Wata huɗu kafin nan aka yi mana awon shekara, likita ya ɗaura mini abin awo a hannu, ya kalli allura, ya kalli tumbina, ya sake kallon allura.

"Malam Illo, tansiyonka ta hau ƙwarai, hawan jini na. In ba ka rage wanga ciki ba, baɗi ba ni sa hannu ga takardarka."

In babu sa hannunsa babu tuƙi. Sai na fara gudu, ina da shekara hamsin da biyu. A garinmu in aka ga magidanci da furfura yana gudu, ɗayan uku ne: gobara, ko mahaukacin kare, ko ya taɓa abin wani. Ranar farko da na bi bakin kwalta, mutum huɗu suka tsayar da babur suna tambaya wa ya rasu. Ran nan kuma Hafsat tana gari. Hafsat 'yar kawuna ce, taubashiyata, mai sayar da albasa a Badaguishiri, mace mai jiki da murya, wadda tun muna yara Allah ya ɗora mini ita. Ta hango ni daga cikin motar haya ta zuro kai ta taga.

"Illo! Mi kas sato? Aje musu, ba su bugunka, mun san ka!"

Daga ranar na bar kwalta. Na koma hanyar gonaki da ke yamma da gari, inda ba kowa sai jakai da masu itace.

Raihanatu ce ta ga ina dawowa rai a ɓace, ta saya mini abin saurare na sawa a kunne, ta zuba mini waƙoƙi a waya. Ita ta koya mini danna alamar jirgin sama kafin in fita, don kada kiran masu neman mota ya riƙa yanke mini kiɗa. Ban iya kallon agogo ina gudu, sai na mayar da waƙoƙin ma'aunina. Ta farko kalangu ce, tana fitar da ni gari. Ta biyu gangar 'yan kokawa. Ta uku goge mai sanyi, a nan nake maido numfashi. Ta huɗu irin ta yaran yanzu ce, wadda nake cewa a gida hayaniya ce kawai, amma ƙafata ta fi kowace sonta. Ta biyar waƙar noma, tana ƙarewa daidai ina taɓa wani babban gawo kusa da rugar Jaje. Daga nan in juyo, wasu biyar su maido ni gida, rabi gudu rabi tafiya. A hankali abin ya shiga raina. Ranar da nake hanya ban samu yi ba, sai in ji kamar ban ci abinci ba.

Ranar Laraba da la'asar Munkaila ya yi sallama. Ƙanen Hafsat ne, bango ɗaya ya raba gidajenmu. Matarsa Naja'atu ta haihu bayan shekara goma sha ɗaya ana jira, gobe Alhamis suna. Ya zauna yana murza hula a hannu.

"Yaya Illo, rumfunan haya duk an kwashe, biki ukku garin ga gobe. Mata za su cika lungu, ga rana. Ka ara muna tampol, wuni guda ɗai."

Na san doka, ni ke koyar da ita. Amma mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana zuwa sunan 'ya'yan wasu yana murmushi, yau nasa ya zo, da wane baki zan ce masa a'a? Na fita tsakar gida na ɗaga kai. Sama fes, ko gajimare ɗaya babu. Ko ɗigo ba a yi ba bana, har an yi roƙon ruwa ranar Juma'a. Salamatu na tankaɗe a gefe, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Maigida, tururuwa na ta kwasar ƙwai gindin randa tun jiya. Iska ma ta juya."

"Shekara ashirin da shidda ina kallon sama ta gilashin mota," na ce. "Ruwa sai bayan kwana goma. Tururuwa ba su san komi ba."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Da safe ni da kaina na yaye tampol daga kan siminti, muka ja shi lungu, na hau tsani na ɗaure shi tsakanin bangon Munkaila da iccen dogon yaro na ƙofar gida. Ƙullin direba na yi masa, irin wanda muke ɗaure kaya da shi, wanda ke ƙara matsewa in an ja. Na sauko ina kakkaɓe hannu, na ce wa Munkaila ko guguwa ta zo sai dai ta tafi da iccen.

Aka raɗa suna, muka ci goro da dabino, muka ci nama, maza suka watse. Bayan azahar lungu ya zama na mata. Suka cika ƙarƙashin tampol da shadda sabuwa fil da leshi da turare, kalangu na tashi, Hafsat a tsakiya tana rabon aiki kamar ita ta haihu. Namiji ba shi da wurin tsayawa a irin wannan taro. Ina idar da la'asar na sa wandon gudu da kambas, na danna alamar jirgi, na toshe kunnuwa, na sulale ta bayan gida.

Yanzu ga wautar, ku ji ta da kyau. Duk yaron da ya iya magana a ƙasar nan ya san hadari daga gabas yake tasowa. Ni kuwa yamma na fuskanta, gabas na bayan ƙeyata, kunnuwana a toshe, wayata a kurmance. Gabana rana na haske, sama kamar an wanke. A waƙa ta biyu na ji bayana ya yi sanyi, na ce kai, yau jikina ya saba da zafi. A ta uku na gamu da masu binne iri a busasshiyar ƙasa suna fitowa daga gonaki da sauri, wani a kan amalanke yana zabga wa jaki bulala. Ya ɗaga mini hannu yana magana, na ɗaga masa nawa, na ce a raina mutane sun fara girmama mai gudu. A ta huɗu iska ta riƙa tura ni daga baya, ƙafata ta yi sauƙi, har na ɗan rausaya kafaɗa tunda ba mai gani. Ban taɓa jin daɗin gudu kamar na ranar ba, gaskiya ce wannan.

Da na doshi gawo na hango Jaje yana kora shanu ruga, yana ɗaga sanda sama yana nuna ni. Na ɗaga masa hannu biyu. Na isa na dafa iccen kamar kullum, ina haki ina murmushi. Sai ji na yi an fizge abin kunnena. Jaje ne, ya kama kafaɗuna ya juya ni kamar yadda ake juya maraƙi.

"Kai kurma na? Dibi bayanka!"

Rabin sama babu shi. Daga ƙasa har tsakiyar sama baƙi ƙirin, gindinsa ja da ƙurar da yake korowa, walƙiya na yawo a ciki. Hasumiyar kamfanin siminti da nake gani daga ko'ina a garin nan, tana shirin ɓacewa. Sai yanzu na ji tsawa, ashe ta daɗe tana yi.

"Bijimina," in ji Jaje. Haka yake kiran simintin tun da na gaya masa abin da na yi da kuɗin. "Bijimin da niy yi kiwo shekara ukku. Ka ruhe shi?"

Na ciro waya, na cire alamar jirgi. Saƙonni suka yi ta shigowa: Salamatu ta kira sau bakwai, Raihanatu sau huɗu. Na kira Salamatu, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira Raihanatu, haka. Na kira Munkaila, ya ce yana tasha ya rako baƙin da suka zo daga garin Tajaye, iska ta hana shi ganin gabansa.

"Shigo bukka ka hwake," in ji Jaje. "Ba ka riga shi. Waƙa nawa kac ce tsakaninka da gida?"

"Biyat."

"Shi ko biyu bai kai ba."

Ya zazzage goronsa a aljihu ya miƙo mini ledar in naɗe waya. Ya ce in cire wayoyin nan daga kunne, aradu na bin su. Na naɗe wayar, na cusa a ƙugu, amma na mayar da abin kunne. In na ji tsawar nan da kunnena biyu, ƙafata ba za ta ɗauke ni ba. Na koma kan gangar 'yan kokawa, na sa ta ta riƙa maimaita kanta, na fuskanci gabas.

Iskar da ta yi ta tura ni ɗazu yanzu ta dawo tana karɓar abinta. Yashi ya cika mini baki da ido. Na sunkuyar da kai ina gudu, a raina ina ganin buhunan nan arba'in a jere, tsirara, bakinsu na kallon sama. Kujera arba'in ke nan. Duk majalisarmu za ta samu wurin zama a ƙofar gidana, kowa da tasa, har a ajiye wa baƙi, su zauna su tuna mini wanda na ce bai kamata a ba shi mata ba. Wannan zan iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfina fuskar Salamatu ce. Na san ba za ta yi faɗa ba. Za ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta shiga ɗaki ta jera robobinta a inda ta saba.

Ɗigon farko ya same ni a goshi, mai nauyi, kamar an jefe ni da ƙwallon magarya. Na biyu, na uku, sai aka sake shi gaba ɗaya. Ƙura ta kwanta nan take. Ƙamshin ƙasa ya taso, irin wanda mutum ke jira wata takwas. Ban kai rabin hanya ba.

A nan na san an gama. Ruwa irin wannan minti biyu ya ishe shi ya ratsa takardar buhu. Ko na yi fiffike ba abin da zan tarar. Hankali ya ce in tsaya in yi tafiyata a hankali, amma ganga na bugawa a kunnena, ƙafafuna suka ƙi. Ruwan na sauka a jikina mai zafi, yana bin wuya yana gangarawa baya. A bakin wata gona na ga wani tsoho ya tuɓe hula ya ɗaga hannu sama, bakinsa na motsi, matarsa na gefe riƙe da ƙwaryar iri tana dariya. Sai na tuna ranar Juma'a ina sahu na biyu, na ce amin da ƙarfi har na kusa da ni ya waigo. Ga amsar ta zo, kuma duk faɗin ƙasar nan ni kaɗai ke gudu ina roƙon a ɗan dakata.

Dariya ta kama ni. Ina gudu, ina haki, ina dariya, ruwa na shiga bakina. Kunya nake ji in faɗa, amma daɗi na ji, irin wanda rabona da shi tun muna yara muna tsere tsirara ƙarƙashin indararo. Gwiwar da ke damuna ta yi shiru. Ƙirjina ya buɗe. Mai gangar nan kamar yana ganina, duk inda na sa ƙafa a nan yake bugawa. Baƙin cikin na nan bai tafi ba, yana gefe guda yana jirana, amma ya bar ni na yi guduna.

Ƙaramar koramar da ke bakin gari, wadda na tsallake ɗazu ƙafata ba ta ko yi laima ba, ta kawo ruwa ja har gwiwa. Na faɗa ciki da bisimilla. Laka ta riƙe kambas ɗina na hagu, na ja, ƙafa ta fito ita kaɗai. Ban tsaya nema ba. Haka na shiga gari, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa, kuma yau ba wanda ya tambaye ni wa ya rasu, kowa na ta kansa.

Da na karyo lungunmu na tsaya cak. Ba kowa. Tabarmi na yawo a ruwa, kujerun roba a kife, tampol babu shi. Igiyoyina kaɗai ke lilo a jikin dogon yaro, ƙullin na nan daram. Na ce shi ke nan, iska ta yage shi ta tafi da shi, ga siminti ga tampol, rana ɗaya. Na cire abin kunne. Sai na ji waƙa, ba ta waya ba, daga cikin gidana, da tafi da guɗa.

Na tura ƙofa.

Tampol na kan siminti, ya rufe shi ruf, gefunansa sun bazu a ƙasa. A kan gefunan nan, kewaye, mata ne zaune kusan ashirin, kafaɗa da kafaɗa, cikin ruwan sama. Shaddar da aka ɗinka don yau ta manne a jiki, ɗaurin kallabi ya rushe, kwalli ya gangaro kumatu. Wasu sun kifa tire a ka, wata ta kifa murfin tukunya. In iska ta shiga ƙarƙashi ta kumbura tampol, sai su yi ihu su danna da hannu, su koma waƙarsu. Raihanatu na zagawa da kwanon cincin da ya riga ya jiƙe, ana ɗiba ana ci. A kusurwar gabas, inda iskar ta fi bugawa, Hafsat ce zaune a kan buhu ɗaya da ta jawo waje ta danne bakin tampol da shi, wuƙar yankan nama a cinyarta.

Ita ta fara ganina.

"Ga shi nan! Ga masanin sama! Ku yi mai guɗa, kwana goma sun cika!"

Suka rangaɗa guɗa. Na tsaya ruwa na zuba a kaina, ban san inda zan sa idona ba.

"Kai da ƙullinka na tsiya," in ji Hafsat tana nuna ni da wuƙa. "Mu shidda munka taru ba mu kwance shi ba, har ƙumbata ta karye. Sai da nis sa wuƙa. To igiya ta tahi, da mi za mu ɗaure? Duwatsun gidanka iska wasa takai da su. Sai munka ce to, Allah ya ba mu nauyi, yau ranar amhwaninai ta."

"Mai jego fa?" na ce.

"Tana ɗaki ita da jinjiri, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ita ma tac ce mu yanke. Buhu guda na kashe maka, wanga da nike bisa. In kana da magana, zo ka tashe ni."

Idona na neman Salamatu a cikin masu zaman gefe, ban gan ta ba. Sai na ɗaga kai. Tana can saman tulin, a tsakiya, ta naɗe ƙafa, ta dafa tampol da hannu biyu. Leshin da ta yi wata uku tana ajiya ne a jikinta, ya zama tsumma. Bayanta ina hango ƙofar ɗakinta a buɗe, ruwa na zuba ta kusurwar nan ta kullum, kan gado, kan katifa, babu roba ko ɗaya a ƙasa.

Na matsa kusa na rage murya.

"Salamatu, ɗakinki na shan ruwa. Ba ki tara komi ba."

Ta waiga ta kalle shi, kallo ɗaya, ta juyo. Ta share ruwa daga fuska da bayan hannu.

"Bar shi ya sha," ta ce. "Ga ɗakina nan ina zaune bisa."

Na yi godiya ga Allah da ruwa ke zuba a fuskata, don Hafsat na kallo, kuma da ta gane da har jikokina sai sun ji labari. Na nemi wurin da ba kowa a gefen tampol, tsakanin wata tsohuwa da matar liman, na zauna a cikin laka da takalmina ɗaya. Tsohuwar ta miƙo mini cincin. Muka zauna har ruwan ya ɗauke, gab da magariba, ana waƙa ina amshi a hankali.

Ranar Asabar magini ya zo, muka yaye tampol. Talatin da tara garinsu lafiya lau, kamar yau aka fito da su. Na arba'in ɗin ya daskare, da ɗan lotsawa a tsakiya daidai mazaunin Hafsat. Munkaila ya ce mu fasa shi mu zuba a tushen gini, ba wanda zai sani. Na ce a'a. Mu biyu muka mirgina shi har ƙofar gida, muka ajiye inda duk mai wucewa zai gani. Majalisa ta yi mako biyu tana cin namana, bashin bakina nake biya.

Likita ya sa hannu a takardata. Ɗakin ya kai linta kafin kaka, yanzu an rufa, Salamatu ta raba robobin nan ga maƙwabta. Duk la'asar ɗin da nake gari, a kan dutsen nan nake zama in ɗaure sabon kambas, lotsawar ta yi mini daidai kamar an auna. Ina saka abin kunne ɗaya, in bar ɗaya a buɗe. Kafin in tashi sai in leƙa ciki in tambayi Salamatu abin da tururuwa suka ce.